Duwatsun Murhun Inna Mairama

"...lafiya lau, amarya. Ya gajiya? Ko da yake wace gajiya, aikinki ɗaya ne a duniya, turara unguwa."

"Gajiya ta bi lafiya, maigidan da ba ya cefane. Matsa min daga ƙofa, ka tare min iska."

Ɗan'azumi ne tsaye a bakin madafin kakarsa, Inna Mairama, rungume da sabon murhun laka irin mai tsimin itace. Ita kuwa tana durƙushe gaban duwatsunta uku, tana hura ɗanyen itacen darbejiya, hayaƙi ya turnuƙe har kaji sun yi hijira.

Bakinsa ne ya ja masa. A taron ƙofar mai unguwa a Sundimina, an tsara kowane gida ya koma murhun tsimi, a rage hayaƙi da sare itatuwa. Masu kawo rijiyar burtsatse mai sola kuma sun ce unguwar da ta fara cika wannan sharaɗi ita za a fara haƙa wa. Gida ɗaya ya rage. Da Malam Sada, shugaban kwamiti, ya tambayi wanda zai tunkari Inna Mairama, kowa ya kama kallon takalminsa. Sai gogan ya miƙe ya daki ƙirji, wai matarsa ce, in ya ce bari ta bari. Aka yi ta dariya. To yau bayan la'asar masu duba gidaje za su zo.

Ya dire murhun a gabanta. "Ga lefenki na kawo."

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Akurkin 'yan tsaki ne ko kaskon turare?"

"Murhu ne, tsohuwa. Ƙirare biyu sun ishe shi tuwo da miya, kuma ba hayaƙi. Ke ba ki ji duniya tana ɗumama ba?"

"Na ji. Manyan motocin da ke wucewa ta Birnin Kudu turaren wuta suke fitarwa, tukunyar Mairama ce ta dafa duniya. Allah Sarki, ashe haka nake da ƙarfi ban sani ba."

Ya ce da ɗaya-ɗaya ake cika gari. Ta ce ai shi ma da ɗaya-ɗaya ya bar makaranta, yau ciwon kai gobe ciwon ciki, har malamai suka manta kamanninsa. Ya ce ya bari ne don ya kula da iyalinsa, tunda ya auro mace mai shekarun kuka. Ta ce kukar dai tana ba da miya, shi me yake bayarwa?

"Rijiya zan bayar. Ko kin fi son a ci gaba da tura kurar ruwa zuwa rafi?"

Ta dai san wahalar ruwan unguwar. Amma ba a kayar da Inna a zagayen farko. Ta nuna dutse ɗaya, baƙi ƙirin, ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan nan daga Basirka yake a wurin, a kansa aka dafa ruwan wankan jegon ubansa, kuma a kansa aka dama kunun da ya tsawaita masa wannan harshe.

"Shi ya sa nake ƙaurin hayaƙi har yau. Sabo turken wawa, Inna."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, mara kunya. Kai ka je ka yi cika baki gaban maza, yanzu ka zo ka fafe gora ranar tafiya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ashe labari ya riga shi zuwa. Ya hango kansa a majalisar mai shayi ana kiransa mijin-ta-ce har ya yi furfura, rijiya kuma ta tafi unguwar gaba. Ya tsuguna zai fara magiya, sai tari ya sarƙe ta. Ta yi ta yi, ta ɗago ido jawur, hawaye na bin kumatu. Ya miƙa mata moɗar ruwa, ya jira ta sha.

"Hayaƙin ne, ko?"

"Wane hayaƙi? Ni da hayaƙi tare muka girma, bai taɓa taɓa ni ba."

"To alhamdu lillahi. Tunda ba hayaƙi ba ne, kukan so ne. Kin gan ni zuciyarki ta narke. Bari Malam Sada ya zo da baƙi, in nuna musu yadda matata ke kuka in ta kalle ni. Gobe kuma in kai labari kasuwar Gwaram."

"Ni in yi kuka a kanka? Da wannan wuyan naka kamar na zalɓe?"

"Ɗaya za ki ɗauka, amarya. Ko hayaƙi, ko ni."

Ta dube shi, ta dubi duwatsun, ta goge ido da gefen zane. Dariya ta ƙwace mata, ta haɗu da sauran tarin.

"Hayaƙi ne. Wallahi gara duk Sundimina ta ji hayaƙi ya ci ni, da a ce na mutu a kanka. Jawo akurkin naka mu gani."

Ya fara murna ke nan ta daka masa tsawa ya tsaya. Ta ce duwatsun ba za su je juji ba. In sun huce ya ɗauke su a ka, ɗaya bayan ɗaya, ya kai bayan gida ya kewaye dashen ɗorawar da kwamitinsu ya raba, don akuyoyi sun fi shi zuwa taro.

"Nauyi fa gare su, Inna."

"Tukuicin lefenka ne, maigida. Ba a mayar da kyautar amarya."