Rasuwar Tire, Wadda Ta Koya wa Yara “Wa Ya Faɗa?”

Da zuciya cike da baƙin ciki, maigida mai shagon magani na bakin kwana, tare da iyalinsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar hannun gidansa, wadda aka fi sani da Tire. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a kan teburin guga, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar jinya.

Kaka ce ta raɗa mata sunan. Ranar da aka fito da ita daga kwali, tsohuwar ta juya ta gaba da baya, ta ce wannan ai tiren shayi ne aka sa wa gilashi. Sunan ya bi ta har ƙarshe.

Ba a yi wa mamaci ƙarya, ba a kuma yi wa mai rai. Maigida bai kawo ta gidan don ilimi ba. Ya kawo ta ne don yara su sakar masa wayarsa, ya samu ya ci abinci ba wanda ke rataye a kafaɗarsa. Malamar ajin 'yarsa ce ta ba da shawarar a saka mata wani wasa na intanet. A wasan akwai ɗan kunkuru mai tabarau, yana tafe yana tsintar labarai a hanya: hoton kifin da ya fi mota girma, tallan sabulun da ke ƙara tsawo, saƙon da ke cewa ka ci kyautar gasar da ba ka shiga ba. Sai yaro ya zaɓa: gaskiya ne, ƙarya ne, ko sai an bincika. Idan ya dace, marigayiya ta ce ƙilin. Idan ya yi gaggawa, ta ce ɓuuu, kunkurun ya gyara tabaransa, ya yi tambayoyinsa da muryar da ba ta taɓa ɗagawa ba: “Wa ya faɗa? A ina ya gani? Me zai samu idan ka yarda?”

Duk wanda ya zauna da ita zai shaida mai haƙuri ce. Ta sha faɗowa daga kujera. Ta sha yatsu masu maiƙo. An taɓa zama a kanta, ba ta kai ƙara ba. Ba ta gajiya da maimaita magana, ba ta yi wa wanda ya kasa dariya, kuma ba ta taɓa ce wa yaro “saboda ni na ce” ba. A nan ta fi duk manyan gidan, kuma manyan gidan sun lura.

Aibinta ɗaya ne: ba ta gaya wa yaran cewa tambayoyin nan a cikin wasa ake barinsu ba. Auta, ɗan shekara shida, da Mama ta ce masa in ya haɗiye ƙwallon lemo bishiya za ta tsiro a cikinsa, sai ya nemi a faɗa masa a cikin wa ta taɓa tsirowa. Wani mai tallan man gashi ya shigo layin da bakinsa, ya fita ba tare da ya sayar da kwalba ko ɗaya ba, don yayar Auta, 'yar shekara goma, ta tambaye shi me ya sa bai cire hularsa an gani ba. Tun ranar ake kiranta Lauya. Shi kansa maigida bai tsira ba. Wata Lahadi ya ce musu su yi shiru, gobe zai kai su wurin lilo.

“Baba, me za ka samu idan muka yarda?” in ji Lauya.

“Barci,” ya ce. Bai shirya faɗin gaskiya ba, fitowa ta yi.

Bai nuna ba, amma abin yana yi masa daɗi. Mutum ne da ke wuni a bayan kanta yana fama da masu zuwa da waya a hannu, suna kunna masa muryar wani da ba a san shi ba yana cewa ruwan zafi da lemon tsami sun isa komai, a zubar da ƙwayar hawan jini. Yakan yi musu bayani har muryarsa ta dushe. Sai ga shi a gidansa ana rainon mutum biyu da ba za su taɓa kawo masa irin wannan wayar ba.

A nan ya zama dole a ambaci Baffa, yayan maigida, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya tsaya masa har ya gama karatu. Tun da Baffa ya yi ritaya ya zama gidan rediyon dangi. Kafin kowa ya wanke baki ya cika guruf ɗin 'yan uwa na waya da bidiyo, kowanne da umarnin a tura wa na gaba. Ba mai musa masa. Ana ce masa an gode, a goge. Marigayiya ba ta taɓa yi masa komai kai tsaye ba. Sai dai akwai ranar da ya nuna wa yara hoton macijin da ya haɗiye bas, Lauya ta leƙa ta ce direban yatsu shida gare shi a hannu ɗaya. Baffa ya mai da wayarsa aljihu, ya ce tiren nan zai lalata yaran nan, a rubuta a ajiye.

Ciwon ajalin ya fara ne daga batir. Sai a cika ta da safe, kafin azahar ta suma. Maigida ya yi niyyar kai ta wurin mai gyara ƙarshen mako. Ranar Litinin Baffa ya zo ya tarar da ita kwance.

“Kai Likita, ba komai ne sai an je shago ba,” ya ce wa ƙanensa, don haka yake kiransa in zai rage masa tsawo. “A firiza ake sawa ta kwana. Batirin ya koma sabo. Ga bidiyon nan.”

“Baffa, wa ya faɗa?” in ji Lauya.

“Wani injiniya ne.”

“Na ina?”

“Na waya. Ke, ni sa'anki ne?”

Mama ta ja ta kicin da kunne. Maigida ya duƙufa kallon fankar sama kamar ranar aka ɗaura ta.

Marigayiya ta kwana tsakanin kaza da ƙanƙara. Da safe aka fito da ita tana gumi, aka danna, ba ta amsa ba. Gwaggo ta bugo waya ta ce a tura ta cikin buhun shinkafa, an yi wa wata maƙwabciyarta haka. Ta wuni a shinkafa ta kwana. Ranar Laraba Baffa ya dawo da bidiyo na biyu, daga injiniyan nan dai, da maƙwabta biyu da ya gayyato su ga ikon fasaha. Bayaninsa a taƙaice shi ne sanyi ne ya shige ta, sai an fitar. A shimfiɗa mata tawul, a bi da dutsen guga a hankali.

Maigida yana tsaye da makullin shago a hannu. Ya buɗe baki. Yayansa ya ɗago ya dube shi. Maigida ya rufe bakinsa.

Ana cikin gugar sai fuskarta ta yi haske ta ƙasan tawul, ta ce ƙilin, sau ɗaya, a raunane. Baffa ya juyo ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. “To, masu boko, kun gani?” Bai sauke hannu ba cikinta ya kumbura, ta ce tsss, wari ya cika falon. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Lauya ba ta yi kuka ba. A gaban maƙwabtan ta ce, da ƙarfi, “Baffa, kai ka kashe ta. Ai na tambaye ka wa ya faɗa.” Auta, daga bayan kujera, ya ce ɓuuu. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi tari mai tsawo.

Baffa ya ɗauki hularsa ya fita. Da yamma saƙonsa ya iso guruf: ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba sai yarinyar ta durƙusa a gaban mutanen nan biyu, ta ce ta yi kuskure, kwana ne ya ƙare, ba guga ba.

Mama ta ce a bar ta ta durƙusa, magana ce kawai, ba a rage mata komai ba. Kaka, wadda ta haifi yayan da ƙanen, ta ce babba babba ne ko gidan ya ƙona. Gwaggo ta ce ita dama tun farko ba ta yarda da gugar ba, da an bar shinkafarta ta gama aiki.

Washegari maigida ya zaunar da Lauya a bencin shago, lokacin da ba mai saye.

“Za ki ba Baffanki haƙuri.”

“To, Baba. Na me?”

“Na abin da kika faɗa.”

“Ƙarya na faɗa?”

Ya tashi ya jera kwalayen da dama a jere suke.

“In ka ce in ce kwana ne ya ƙare, zan ce,” in ji ta. “Amma ka gaya min, da gaske ne, ko don a zauna lafiya ne? Don in san wanda zan riƙe.”

Wata mata ta shigo neman maganin tari. Bai taɓa murnar ganin mai tari haka ba. Amma matar ta tafi, yarinyar tana nan a benci, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, tana jira. Ya san idan ta durƙusa ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, gidan zai zauna lafiya, ita kuma za ta koyi cewa ana yi wa labaran kunkuru da mai man gashi tambaya, ba a yi wa na gida. Ya kuma san wanda ya riƙe hannunsa ya kai shi makaranta ranar farko.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya, wadda tuni ta koma hidimar wayar Mama ba tare da ta yi zaman makoki ba. Ta bar rigar roba mai tsaga a kusurwa. Ta bar kunkuru, wanda aka tabbatar yana nan da ransa a intanet, tsaye inda yara suka bar shi. Ta bar ɗalibai biyu, da wasu 'ya'yan maƙwabta da suka ɗauki karatun ta taga, waɗanda iyayensu ba su aiko da ta'aziyya ba.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar bayan cin abincin rana, a shagon mai gyaran waya da ke bayan tasha. Ya duba gawar, ya ce gilashin da lasifikar za su yi wa wasu amfani, sauran kuma zai kai inda ake kai irinsu. Bai yi tambaya a kan tabon guga ba, iyalin suna godiya. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su turo bidiyon yadda ake tayar da kwamfutar da ta mutu. An riga an samu guda uku.

Za a taru a falo. An tanadar wa Baffa babbar kujera, an kuma gayyaci maƙwabtan nan biyu kamar yadda ya nema. Lauya ce za ta ɗauki marigayiya, da hannu biyu, tun daga ɗaki har shagon, kuma ba a san mai ɗauke da gawa da durƙuso ba. Maigida ne zai durƙusa. Zai ba yayansa haƙuri a kan muryar da aka ɗaga, da idon baƙi da aka yi abin a gabansu, da ɓuuu ɗin Auta. A kan tambayar kuwa, ya duba, ya sake dubawa, bai ga abin ba da haƙuri ba.

Bai taɓa gaya wa yayansa irin wannan maganar ba. Shi ya sa ya faɗe ta a rubuce a cikin wannan sanarwar, kuma wayarsa za ta kasance a kashe har zuwa Asabar.