Rasuwar Ƴar Baƙa, Wayar Baba Shekara

Da zuciya cike da baƙin ciki, da baki mai nauyin faɗa, iyalan Baba Shekara manomi, na unguwar bayan kasuwa a Matameye, ke sanar da ƴan uwa da maƙwabta da abokan arziki na Dawce da Dungu da Ɗan Barto rasuwar wayarsa, wadda duk unguwa ta sani da suna Ƴar Baƙa. Ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a gindin randa, bayan shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Ruwa ne ajalinta. A shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba, ita ruwa ya kashe ta.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita kyakkyawa ce ba. Gajera ce mai kauri, kamar guntun sabulun wanki. Bayanta a tsage yake, an ɗaure shi da robar tayar keke. Lambobin jikinta sun goge tun tuni. Wannan bai dami mai ita ba, don bai taɓa karanta su ba. Baba Shekara bai yi lakkwal ba, wato boko, ga yanar ido ta rufe masa gani shekara shida ke nan, mutum ma kamar inuwa yake ganinsa. Da babban yatsa ya san wayarsa. A madannin tsakiya akwai ɗan tudu kamar ƙwayar gero, daga nan yake kama hanya. Sama ta hagu, ɗauka. Sama ta dama, kashewa. In ya danne na biyu ya riƙe, ƙaninsa na Dungu zai amsa. Duk inda ya taɓa sai ta ce masa "tit", wato ta ji. Ba ta taɓa barinsa yana tambayar kansa ko ya danna ko bai danna ba.

Mai haƙuri ce. Ta faɗo daga amalanke, sa ya taka ta, akuya ta tauna mata kunne, ba ta yi ƙorafi ba. A bakinta ya ji kiɗan soja ran da mulki ya sauya hannu, yana tsakiyar gona, ya ajiye hauya ya saurara, ya ɗauki hauya ya ci gaba. Da aka rufe iyaka, wutar lantarkin da ke zuwa daga kudu ta ɗauke, manyan wayoyi suka yi layi a rumfar mai sola kamar marasa lafiya a likita. Ita kuwa ci ɗaya take yi, daga Juma'a sai wata Juma'a.

Amma babban aikinta guda ne, kuma saboda shi aka rubuta wannan sanarwa.

Baba Shekara yana da ƴa, Jamilatu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya a goye. Da damina ta yanke, aka duba rumbu aka ga ƙasansa, sai ta bi ayarin matan yankinmu da ke hawa arewa, har Aljeriya, neman abin da za a sa a baka. Ba ta da waya. Sai ta sami mai tausayi a bakin hanya ya ara mata tasa, ta kira minti ɗaya ko biyu, sau ɗaya a mako biyu ko uku. Kowane kira da lambarsa daban. Ita ke iya samun gida, gida ba ya iya samunta. Don haka Baba Shekara ya sa matarsa Indo ta ɗinka masa aljihu a cikin taguwa, daidai ƙirji, nan Ƴar Baƙa ke zama. In ta ce "tiri-rin", ba ya bari ta faɗa sau biyu.

Kwana biyu kafin rasuwar, kira ya shigo. A ranar ya dawo daga masallaci da labarin ana kwasar mutanenmu daga Aljeriya a manyan motoci ana zubar da su cikin rairayi, su tako da ƙafa. Ko gaisuwa bai bari ta ƙarasa ba.

"Jamilatu, ki dawo gida."

"Baba, in dawo in ci me? Me zan ba yarinyar?"

"Abin da muke ci."

"Me kuke ci, Baba?"

Tambayar ta soke shi. Zafinta ne ya zama fushi.

"To, in ba za ki dawo ba, kada ki ƙara kirana."

Ya danna sama ta dama. Ƴar Baƙa ta ce "tit". Umarni aka ba ta, ta bi.

Indo na bakin murhu, ta ji komai. Ta ce, "Malam, wannan ba maganar uba ba ce."

Ya ce, "Na sani. Za ta kira. In ta kira na gyara."

Rashin lafiyar marigayiya ta faro ne da shigowar bazara. Batirinta ya kumbura har robar ta fara ja. Jikinta ya riƙa zafi, takan suma ba dalili ta farfaɗo. Ran Talata ya dawo daga sharar gona da rana tsaka, ya fito da ita daga aljihu, ta ƙona masa tafin hannu. Tsoro ya kama shi, don ya san wanda yake jira. Sai ya yi mata abin da ake yi wa goro kada ya bushe, abin da ake yi wa mai zazzaɓi: ya jiƙa tsumma ya naɗe ta, ya tona damshin yashin da ke gindin randa ya kwantar da ita. Randar tana tsatsa, kowa a gidan ya sani. Ya yi azahar, ya kishingiɗa.

Indo ta ce ta ji wani dogon "tiiii" siriri daga wajen randa, ta ɗauka gyare ne. Wannan ce maganar marigayiya ta ƙarshe, kuma ba wanda ya amsa mata.

Da la'asar ya kwance tsumman, ya taɓa ta da kuncinsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, zazzaɓin ya sauka." Ya danna tsakiya. Ya danna hagu. Ya danna duka.

An garzaya da ita wurin Kadiri mai gyara a bakin tasha. Ya buɗe cikinta, ya karkata ta, ruwa ya ɗigo a kan teburinsa.

"Baba, wa ya yi mata wanka?"

"Jinya na yi mata."

"To, jinyar ce ta ƙarasa ta."

Duk da haka ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya goge ta da buroshi, ya shanya ta a rana, ya sa mata batirin wata. Indo ta binne ta kwana uku cikin ɗan geron da ya rage a ƙwarya, wai ko zai tsotse damshin. Ba ta motsa ba.

Layin dai ya tsira, sai aka shiga neman inda za a sa shi. Irin marigayiya sun yi wuya. Kaya ba sa ƙetaro iyaka, kuma tun da wuta ta zama abin da ta zama, duk mai waya mai madannai ya riƙe abarsa, ko ƙaninsa ba ya ba. Sai Mahamadu, ɗan ƙanin Baba Shekara, malamin lakkwal, ya kawo aron tsohuwar tasa, irin ta shafawa. Faffaɗa ce, sumul, gilashi tun daga sama har ƙasa. Baba ya bi ta da yatsa gaba da baya yana neman inda zai kama, bai sami ko ƙwarzane ba.

"Ina madannan?"

Kadiri, da ya zo sa mata layin, ya yi dariya. "Baba, duniya ta wuce madanni. Wannan ma tsohon yayi ce. Masu zuwa ko taɓa su ba a yi. Fuskarka za ta kalla ta buɗe, ka yi mata magana ta aikata."

"Da Hausa?"

"Da Faransanci tukuna."

"To, ta jira ni in gama lakkwal."

Aka koya masa. In ta yi kuka, a ɗora yatsa a ƙasa a ja dama, an ɗauka. A ja hagu, an kashe. A hannun Mahamadu abin kamar wasa. A hannun Baba Shekara gilashin ya yi kamar ba a taɓa shi ba. Shekara hamsin na ƙotar hauya sun bar masa kanta da faso, fatar yatsunsa ta zama kamar ƙirgi, kuma ashe wanda ya ƙera gilashin bai san da irin wannan hannu a duniya ba. Ga shi ba ta cewa "tit". Ka taɓa ta yi shiru, ka bari ta yi shiru.

Ran Alhamis, kwana tara da rasuwar, da hantsi, yana zaune shi kaɗai a zaure. Indo ta tafi layin famfo tun asuba. Baƙuwar wayar ta yi kuka a ƙirjinsa. Ya fito da ita ya shafa, ba ta ji ba. Ya sake shafawa. Ya lashi yatsa ya goga da ƙarfi, kukan ya tsaya. Ya kai ta kunne yana cewa, "Jamilatu? Jamilatu, ni ne." Ba kowa. Can ta sake yin kuka. Wannan karon da yatsu huɗu ya bi ta. Ta sake yin shiru. Ya zauna riƙe da ita har rana ta take. Ba a yi na uku ba.

Da Mahamadu ya taso daga lakkwal, ya karɓi wayar ya duba.

"Lambar Aljeriya ce, Baba."

"Rezo ne ya yanke layin ko?"

"A'a. Hagu ka ja. Sau biyu. A can za ta ji an katse ne da hannu."

Aka je wurin Kadiri aka bi lambar. Wani namiji ya ɗauka da Larabci, Kadiri ya yi ta fama da ɗan abin da ya tsinta a tasha. Abin da aka fahimta shi ne, wata mata mai goyo ta ari wayar a bakin titi, ta kira sau biyu, ta miƙa masa abarsa da hannu biyu, ta tafi. Bai san ta ba, bai ga inda ta nufa ba. Yau kwana ashirin da shida ke nan. Jamilatu ba ta taɓa kai haka ba ta kira ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai siririn baki, wadda ba ta shiga kowace waya a garin nan. Ta bar robar da ta riƙe ta shekara huɗu. Lambobi arba'in da ɗaya sun bi ta, don a cikinta aka ajiye su, ba a kan layi ba, har da na mutum bakwai da suka riga ta tafiya, waɗanda Baba ya hana a goge. Ta bar Indo, wadda yanzu ke zuwa famfo da gudu ta dawo da gudu, tulu rabi. Ta bar Baba Shekara.

Shi kuwa ya koma wurin Kadiri ya tambaye shi, tsakani da Allah, me gilashin nan ke so.

"Fata mai laushi, Baba. Irin ta ƴan biro, masu aikin ofis."

Ya dawo gida. Tun daga ranar ya keɓe manunin hannunsa na dama. Safe da yamma yana jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya goge shi da dutsen kaushi, ya shafa masa man kaɗe, ya naɗe da ƙyalle. Da yatsu huɗu yake riƙe hauya, ɗayan a miƙe yana kallon sama. Abokansa na dandali sun sami abin yi.

"Shekara, yaushe za a fito da amarya daga lalle?"

"Ran da ta yi hannun gwamna."

Yana ba su amsa, amma ba ya dariya. Kullum da yamma Mahamadu kan tsaya a ƙofar gida ya kira shi don gwaji. Yanzu cikin biyar gilashin na karɓar biyu. Kuma ko da ya san Mahamadu ne, ga shi tsaye a gabansa, in ta ɗauku sai ya kai ta kunne ya saurara tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan rumbun gidan. Kadiri ya nemi a ba shi gawar ya cire abin da zai amfani wasu, Baba ya ce a ba shi komai ban da madannan. Su za a binne. Kada taro ya yi yawa, kowa ya san zamanin da ake ciki. Ba za a raba gumba ba, kowa ya san dalili. Ana roƙon masu zuwa su kashe wayoyinsu tun daga ƙofar gida, don duk wadda ta yi kuka sai tsohon ya dafe ƙirji. Masu gaisuwa kuma su yi haƙuri, wuyan hannu zai miƙa musu. Ba raini ba ne.

Wanda bai sami zuwa ba an yafe masa. Abu ɗaya iyali ke roƙo, ta bakin Sallau, ɗan Baba Shekara, da ya rubuta wannan. Direbobin hanyar Agadas, da matan da ke shirin hawa, da waɗanda aka sauko da su: duk wanda Allah ya haɗa shi da Jamilatu ƴar Shekara ta Matameye, doguwa, mai wushirya, tana goye da yarinya mai suna Balki, ya gaya mata lambar ba ta sauya ba. Ya gaya mata ubanta na da rai, kuma ya janye maganarsa tun ranar da ya faɗe ta. Ya gaya mata waya ce ta mutu, wadda ta gaje ta kuma ba ta san hannunsa ba.

Ta kira. In an katse, ta sake kira. In an sake katsewa, kada ta mayar wa mai waya abarsa. Ta roƙe shi ya ƙara mata ɗaya.