Furen da Na Dasa a Ƙofar Gida

Duk masu cewa na taɓa sayar da kayan maye, ƙarya suke yi. Fure nake so, shi ke nan! A bakin kwata na ga wani tsiro mai farin fure kamar mazurari, na tono shi na dasa a ƙofar gidanmu a Ɗan Iya. Kullum ina ba shi ruwa, ina jin daɗina. Samarin unguwa suka fara gaishe ni har ƙasa, ni kuma na ɗauka kyauna ne. Ashe 'ya'yansa suke tsinka su bugu.

Sai ga mai unguwa: "Ke 'yar nan, wa ya sa ki noman zaƙami?"

Har yau goggona "Hajiya Dila" take kirana. Fulawar roba zan saya, in ga ɗan banzan da zai sha.