Harsashi Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka kai harsasan surukina unguwar Gaweye ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Bari in faro muku daga tushe.

Ni malamar tarihi ce a wata lakkwal ta sakandare a nan Yamai. Shekara goma sha ɗaya ina ba yara labarin yaƙe-yaƙe, har na fara jin kamar da ni aka gwabza. Amma a gidan surukaina da ke Bukoki wannan ilimin bai taɓa sayo mini ko ɓarin goro ba. Can abin dubawa shi ne wa ta iya tuƙa tuwon mutum talatin ba gudaji, ni kuwa tuwona (Allah na gani) sai an yi masa addu'a kafin ya haɗiyu. In ana taro, aikina yankan albasa.

Surukina, Allah ya ji ƙansa, tsohon soja ne, mutumin Damagaram. Wasu in sun tsufa kiwon tattabaru suke yi, shi kuwa tun yana saurayi tsofaffin harsasai yake tarawa: na zamanin Faransa, na yaƙin duniya, da waɗanda makiyaya ke tsinta cikin rairayin arewa. Duk inda aka tura shi aiki sai ya dawo da biyu ko uku, ya goge su tas, ya jefa cikin wata adakar ƙarfe. Bayan rasuwarsa da shekara guda, abokan aikinsa na da suka aiko. Suna shirya wani ɗan ɗakin kayan tarihi a gidan da suke taruwa a Gaweye, suna so a ba su tarin su sa cikin akwatin gilashi da sunansa a kai. Sharaɗinsu ɗaya: a zo da jerin kayan a rubuce, kowane da asalinsa, sannan masaninsu ya duba ya tabbatar. In tarkace ne, ba su da wurin tarkace.

Hajiya, uwar mijina, ta ƙwallafa rai a kan akwatin gilashin nan. Ta tara ƴaƴanta a tsakar gida ta ce, "To, wa zai iya wannan rubutun?"

Kowa ya dubi ƙasa. Ni ina can gefe da wuƙa da albasa, sai kawai na ji bakina ya buɗe ba da shawarata ba: "Ai wannan fannina ne, Hajiya."

Fannina! Ni da ban taɓa riƙe harsashi ba, ko ƙarar fashewar taya na ji sai na dafe ƙirji.

Aka kai mini adakar gida. Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, da alƙaluman bik biyu, ja da shuɗi, na aro metir wajen telata, na aro madubin ƙara girma wajen mai gyaran agogo, na kama waya ina bincike. Kuma in faɗi gaskiya, aikin ya yi mini daɗi. Ashe a gindin kowane harsashi akwai ƴan haruffa da lambobi da ke gaya maka masana'antar da ta ƙera shi da shekarar. Sai in auna tsawo, in auna kauri, in karanta gindi, in manna masa lamba, in rubuta. Kafin sati biyu na zama abin gudu. A ɗakin malamai in na shigo sai a tuna ana da aji. Maigidana ya ce kwanso, na ce masa a'a, wannan cikakken harsashi ne da aka zare wa albarushi, ya riƙa bambancewa. (Ɗan soja ne fa, a bariki aka haife shi. Ya dai dube ni ya ci gaba da shan shayinsa.)

Guda saba'in da uku ne. Saba'in da biyu sun ba ni haɗin kai. Saura ɗaya, wanda na ba lamba arba'in da ɗaya.

Shi ba cikin sauran na same shi ba. A aljihun gaba na wata tsohuwar rigar soja yake, can ƙasan adakar, a naɗe cikin hankici. Tsawonsa kamar ɗan yatsa, ruwan zinariya, kansa a mulmule, ya fi sauran ƙiba, da wani siririn zare a kewaye da ƙugunsa. A gindinsa babu ɗan maɓallin nan da bindiga ke bugawa. Rubutun ya goge, saura haruffa uku, ROU, da lamba goma sha biyu.

Na bincika har wayata ta yi zafi, ban ga mai kama da shi ba. Mai hankali a nan zai rubuta “ban sani ba” ya wuce. Ni kuwa sai na ce tunda duk duniya ba wanda ya sa hotonsa, ke nan shi kaɗai ya rage a duniya. ROU, ai Rumaniya ce. Goma sha biyu, ai kaurinsa ne a milimita. Da na auna na ga goma sha bakwai, sai na ce zafin ƙasarmu ne ya kumbura shi. Rashin maɓalli kuwa, ai shi ne babbar hujja: irin na ƴan leƙen asiri ne, murɗa shi ake yi ya tashi. Na rubuta masa shafi uku. Na shimfiɗa masa auduga cikin gwangwanin madara, na rubuta HAƊARI da jan bik.

Maigidana ya ce, "Ki nuna wa Hajiya mana, ko ta san shi."

Na yi ƴar dariya irin ta masana. "Haba dai. Me Hajiya ta sani a harkar makamai?"

Ranar Asabar na sha shadda, na ɗaura kallabi kamar zan karɓi lambar yabo, na shafa jan baki. A cikin taksi na miƙa hannu ta taga da gwangwanin, tun daga Bukoki har Gaweye, ina ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Ya tambaye ni ko ƙwai ne. Na ce da ƙwai ne da sauƙi. Daga nan na ga yana ta motsa baki da addu'a.

A farfajiyar gidan, inda ake hango gada da kogi, an kafa dogon tebur da farin ƙyalle da tulunan bisap, wato zoɓo. Tsofaffin sojoji sun kai goma sha biyar, wasu da lambobinsu a ƙirji. Ga Hajiya, ga ƙannen mijina mata, ga kuma Baffa, yayan marigayi, wanda ya taso takanas daga Damagaram, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba saboda kunya. Masanin kuwa wani gajeren dattijo ne Bazabarme, Ajidan Hamani (ajidan muƙaminsa ne na soja). Shekara talatin yana riƙe da ɗakin makamai, yanzu salati da kabeji yake nomawa a Gudel. Na ga ƙasar lambu a farcensa, na ce a raina yau zai ƙaru.

Na jera harsasan bisa tebur. Ya zauna da kayena, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, ya juya gindi, ya dubi rubutuna.

"Daidai." Ya ajiye. "Daidai." Ya ajiye.

A na goma sha tara ya ce shekarar ce na karanta a juye, na gyara. Sauran duk daidai. Kafin a kai talatin na ga Hajiya tana dubana da wani irin kallo da ban taɓa samu ba. Baffa ya karkata wajen maigidana ya ce, yadda kowa zai ji, "Ashe matar nan taka akwai kai." Jama'a, kaina ya kumbura har kallabin ya fara matse ni.

Da aka kai arba'in na miƙe tsaye na ɗaga hannu.

"Iyayena, a gafarce ni, sai an ja kujeru baya."

Tsofaffi masu ciwon gwiwa suka yi ta jan kujeru. Na buɗe gwangwanin da yatsu biyu, na zuba bayani: Rumaniya, ƴan leƙen asiri, zafin Sahel, komai. Har da cewa a iya bincikena babu na biyunsa. Wani tsoho ya ce, "Allahu akbar." Ƙanwar mijina ta ɗaga waya tana ɗauka.

Ajidan Hamani ya miƙo hannu. Na ɗora masa a tafi kamar jariri. Ya jinjina nauyinsa. Ya sunsuna. Ya dubi gindin, ya dube ni.

"Madam, Rumaniya kika ce?"

"Ƙwarai, Baba Ajidan. A dai kula, kada a murɗa."

Sai na ga ya kama kan da yatsu, ya kama gindin, ya murɗa.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. "A KWANTA!" na kurma, na yi tsalle na shige ƙarƙashin tebur. Zoben hannuna ya kama ƙyallen, ƙyallen ya biyo ni, tulunan bisap suka biyo ƙyallen, harsasai saba'in da biyu suka zube bisa siminti, ƙararsu kamar ana ruwan tsakuwa a kwano. Tsofaffi biyu, da jikinsu bai manta horo ba, suka zube rub da ciki. Kujeru suka kife. Ni kuwa na samu wani ginshiƙi na rungume da hannu biyu, na rufe ido, ina kalmar shahada da ƙarfi, bisap mai sanyi na bin bayana ina cewa shi ke nan, jini ne.

Ba abin da ake ji sai harsashi ɗaya da ke ta gangarawa har ya bugi bango.

Sai muryar Ajidan, a natse: "Madam, fito. Ya fashe, amma ba a rasa rai ba."

Na buɗe ido. Ginshiƙin da na rungume yana sanye da takalmi. Ƙafar Baffa ce.

Na rarrafo waje, kallabi a wuya. Ajidan na tsaye, murfi a hannun hagu, a hannun dama kuwa wani ɗan guntun abu ja, busasshe, ya leƙo daga cikin ƙarfen.

"ROU ɗin nan," in ji shi, "farkon kalmar ja ce da Faransanci. Goma sha biyu lambar kala. Ni dai a ɗakin makamai ba mu ajiye irinsa ba, amma matata tana da shi."

Jan baki ne. Jan baki irin na da, mai gidan ƙarfe. Kuma ni da na yi masa shafi uku, ga irinsa nan raɗau a leɓena.

Dariyar da aka yi, na tabbata masunta sun ji ta daga kogi. Ɗaya daga cikin tsofaffin da suka kwanta ya kasa tashi don dariya, yana dukan siminti. Baffa ya cire hula yana share hawaye da ita. Ni ina roƙon ƙasa ta tsage.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba ni nan." Ta juya shi a hannu, ta daɗe tana kallo.

"Nawa ne," ta ce. "Malam, Allah ya ji ƙansa, shi ya saya mini muna amarci. Ranar da aka fara tura shi arewa na neme shi sama da ƙasa. Na ce ƙanwata Rabi ce ta ɗauke, wata uku ba mu yi magana ba." Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Ashe ɓarawon shi nake dafa wa tuwo shekara arba'in da biyar!"

Wani dogon tsoho ya tafa hannu. "Shi ne! Duk tafiyar da za mu yi sai ya dafa aljihun nan na gaba. Mu muna cewa laya ce, har muna roƙonsa ya faɗa mana malaminsa!"

Aka sake kwashewa, amma wannan karon na ga fiye da mutum ɗaya yana jan hanci.

Allah ya so na manna wa kowane harsashi lambarsa. Muka bi su ƙarƙashin kujeru da gindin bishiya muka tsince, Ajidan ya ƙarasa dubawa a kayen da ya koma ruwan hoda. Suka karɓi saba'in da biyu, yau suna cikin gilashi da sunan marigayi. Da zan tafi ya ce mini, "Aikinki ya yi kyau, Madam, da gaske nake. Sai dai nan gaba ki riƙa barin layi ɗaya na abin da ba ki sani ba."

Na arba'in da ɗaya Hajiya ta ƙulle shi a bakin mayafinta. A hanyar komawa, da muka kusa gida, ta dafa gwiwata ta ce, "Ɗiyata, da kin tambaye ni ai." Sai ta ƙara da cewa, "Amma gara da ba ki tambaya ba. Da ban ji zancen layar nan ba."

Hoton da ƙanwar mijina ta ɗauka ya zaga dangi har Damagaram. Yanzu Kwamanda suke kirana. Duk bikin da wata ta zaro jan baki daga jaka, sai an samu mai ihu, "A kwanta!" Baffa kuwa in zan gaishe shi sai ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin babbar riga tukuna.

Abin da na koya biyu ne. Kafin ka tambayi duniya ta cikin waya, tambayi tsohuwar da ke zaune a tsakar gida. In kuma ta kama dole sai ka nemi mafaka, to buɗe ido ka ga ƙafar wa za ka kama.