Yadda Ake Zaɓar Sifiroket ɗin Babur da Ƙuli-ƙuli

Babur ɗinka ya fara ƙaras-ƙaras? Duk ramin da ka faɗa sai sarƙa ta zille? Kwantar da hankalinka. Ciwon yana jikin sifiroket, faifan ƙarfen nan mai haƙora da ke jikin tayar baya, wanda sarƙa ke hawa. Bi matakan nan, ni kuma na yi maka alkawari za ka isa duk inda ka nufa, ko a kan babur, ko a bayansa, ko a ƙarƙashinsa.

Shaidata ɗalibina Usaini, manomi a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta. Matarsa Aina'u ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta, suna ya matso, rago yana ɗaure a gidansa. Ya riga ya aika wa surukinsa Malam Iliyasu cewa shi da kansa zai kawo ragon kafin a raɗa suna. Sai sifiroket ya ce ya gaji.

1. Tabbatar tsohon ya mutu

Tsuguna ka duba haƙoran. In sun lanƙwashe kamar lauje, tsufa ya kama shi. In sun yi tsini kamar ƙayar aduwa, yana gargara. In ka shafa ka ji sumul kamar dasashin jariri, yi masa addu'a kawai. Na Usaini yana tsakanin lauje da ƙaya.

2. Kada ka kuskura ka kai shi kasuwa

Masu ƙaramin sani za su ce ka kwance tsohon ka tafi da shi, a ɗora a kan sabo, a ƙirga haƙora, a duba ramukan noti. Toshe kunnenka. Sabon uba ya ratsa kasuwar Ɗanbatta da baƙin ƙarfe a hannu? Kafin ka kai rumfar 'yan goro labari ya isa gidan surukai cewa ka koma jari-bola. Hoton waya ma ban yarda da shi ba. A waya, marfin kwalba da faifan tuwo duk girmansu ɗaya.

3. Fitar da samfurinsa da tunkuza

Nemi mai ƙuli-ƙuli. Usaini bai yi nisa ba, ya faɗa wurin Gwaggo Larai, ƙanwar babansa, ta gama matse mai ke nan.

“Gwaggo, so nake ki danna mini wannan a kan tunkuza, ki yanke daidai shi, ki soya.”

“Ƙarfen zan soya?”

“A'a, kamanninsa.”

“Ɗan nan, tun da aka ce maka an haihu kanka bai dawo daidai ba. Da yaji ko babu?”

Ka ce da yaji. Babu injin da ke son lami.

Abin ya fito daga kasko jawur, faɗin faifai, haƙora arba'in da ɗaya, har da ramukan notinsa huɗu. Ko masu ƙera shi sai sun ƙanƙance ido kafin su bambance.

4. Shiga mota, ka riƙe samfurinka da mutunci

Naɗe shi a takarda, ka ɗora a cinya. Abin da takarda ba ta iya naɗewa shi ne ƙamshi.

Usaini na matsuwa cikin motar kasuwa, sai ya ji gaisuwa a kafaɗarsa. Malam Iliyasu ne, za shi sayo goron suna. Bayan an tambayi mai jego da jaririya, Malam ya ɗaga hanci.

“Malam Usaini, wani ƙamshi nake ji kamar na gyaɗar bana.”

Ka san ƙa'ida. Ba a riƙe abin ci a gaban babba a yi shiru.

“Bismilla, Baba.”

Ya zaci za a ce masa alhamdu lillahi. Ƙaras! Haƙori ɗaya ya tafi.

“Kai, wanda ya yi wa ƙuli-ƙuli waɗannan 'yan kunnuwa ya yi tunani. Ba sai tsoho ya sha wuyar gutsura ba. Direba, miƙo hannu ka ji wani abu.”

Daga direba sai kujerar baya, daga kujerar baya sai wata mai fura da ke zaune kan buhu. Kada ka ce uffan. Suruki ba ya cin ma'auni, sadaka yake karɓa.

5. Gyara abin da ya saura

Da an sauka, zagaya bayan tasha. Samfurin ya koma kamar gonar da awaki suka kwana a ciki. Gatsa gefe ka mai da shi da'ira, sannan ka sassaƙa masa sababbin haƙora da naka haƙoran. In ɓari ɗaya ya fi, ƙara gatsa. Usaini mutum ne mai son aiki ya yi kyau, don haka faifai ya dawo marfin kwanon sha.

6. Yi wa mai shago magana da isa

Ja'afaru mai kayan babur ya juya abin, ya sansana, ya ƙirga.

“Wane babur ne wannan?”

“Nawa.”

“Sarƙarka wace lamba ce?”

“Baƙa ce.”

“To Malam, ƙarami irin wannan na masu gudu a kwalta ne. In kaya kake ɗauka a yashi, babba mai haƙora da yawa ake sawa.”

Nan ne ake gane namiji. Daki kanta ka ce, “Ni da na zo da samfur za ka koya wa?” Ja'afaru ya ɗaga kafaɗa, ya zaro mafi ƙanƙanta a shagon, ya kuma ɓalli haƙori ɗaya daga ƙuli-ƙulin na ladan bayani. Ragowar ka zuba a aljihu. Ƙwararre ba ya yar da kayan aiki.

7. Gwada shi a inda ba za ka bi ba

Da an ɗaura sabon a babur, sarƙa za ta yi tsawo. A rage ta. Sai ka hau kwalta. Usaini ya murɗa totur, hularsa ta tsaya a Ɗanbatta, shi ya kusa ganin Bici. Ya dawo yana hawayen iska yana cewa ashe da can jaki yake hawa.

8. Ɗora rago

Ranar suna, ana idar da sallar asuba, ya ɗaure rago a kariyar bayan babur ya kama burtalin da ya ratsa gonakin gero. Yashi ne zalla. Babur ya yi gurnani, ya yi tari, ya mutu. Ya buga kik, babur ya tashi, ya sake mutuwa. Ya sa giya ta ɗaya, kuloci ya fara wari kamar ƙonannen wake. Wani tsoho a kan jaki ya yi masa sallama ya wuce, har da juyowa ya ce ko da saƙo.

Gari yana ta haske. Can gidan Malam an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, mahauci yana wasa wuƙa, turke babu komai.

Kada ka ruɗe. Sauke rago, ɗaura igiyarsa a wuyan babur. Ciro kara mai tsawo, soka ragowar samfurin a tsininsa, hau, ka miƙa shi gaban hancin rago yadda ba zai kai ba. Rago ya sansana, ya kafa ƙafafu, ya ja. Wannan inji ba ruwansa da lambar sarƙa.

9. Shiga da martaba

Liman ya ɗaga hannu ke nan sai ga rago ya kunno kai ƙofar gida yana huci, babur na biye da shi, Usaini a sama riƙe da kara. Malam Iliyasu ya miƙe, ya zagaya su, ya zare ƙuli-ƙulin daga tsinin karan, ya duba shi gaba da baya.

“Jama'a, alkawari ya cika. Rago ya iso, har ya kawo mana mai shi.”

Aka yi addu'a, aka raɗa wa jaririya Rumaisa, aka kwance rago daga wuyan babur aka miƙa wa mahauci. Malam ya ja Usaini gefe yana tauna.

“Wannan ya yi ƙanƙanta. Ka ce wa Larai ta yi mini irin na cikin mota, babba, mai kunnuwa da yawa. Irin wannan ba ya kai mutum ko'ina.”

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a ƙonewar kuloci, ɓatan hula, ko karyewar haƙorin suruki. Na yi alkawarin za ka isa, ka kuwa isa. Batun komawa gida, bayan an yanka injin an raba namansa, wannan tsakaninka da ƙafafunka ne.