Tarwaɗar Baba a Cikin Kwata

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da na so in manta. Har yanzu in na ji ƙarnin kifi sai gabana ya faɗi.

Ban daɗe da tarewa ba a gidan su maigidana da ke Malali. Gida ne na iyali, mu a ɗakunan baya, iyayensa, Baba da Inna, a gaba. Tun da Baba ya yi ritaya ba shi da abin so kamar fatsa. Da sassafe zai saɓa gorarsa ya gangara bakin kogi, ya zauna a kan dutse har rana ta yi zafi, sannan ya dawo da 'yan ƙananan karfasa waɗanda ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta kula su.

A lokacin kuwa gari ya cika da zancen kifin guba. Ana cewa wasu na tsiyaya maganin feshin gona a ruwa, kifi ya taso sama, su kwashe su sayar wa mutane. Maƙwabciyarmu Maman Ladi, wadda ke buga tafireta a wani ofis, ita ke kawo mini labarin ta saman katanga.

"Amarya, in kin ga kifi ya yi laƙwas, ga kumfa a bakinsa, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa," in ji ta. "Ni yanzu ko a gidan biki ba na ci."

Na riƙe wannan magana fiye da duk abin da aka koya mini a sakandare.

Ranar da abin zai faru, Baba ya shigo da jiƙaƙƙen buhu yana tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ya wuce ƙofar Inna, ya tsaya a tawa. Na fito na durƙusa.

"Amarya, yau ke za ki yi mana farfesu. Na gayyato su Malam Iro, su zo su ga abin da suke cewa ban iya ba."

"To Baba."

Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce, "Ka ji shi. Mu da muka tsufa muna soya ƙaya, yau da aka samu tsoka an canja mana layi."

Wasa take yi, amma na gane girman da aka ba ni. Baba bai taɓa sa ni aiki da bakinsa ba sai ranar.

Na shiga madafi na buɗe buhun. Tarwaɗa ce manya-manya, an zarge su ta kunne da wata jar waya da Baba ke ɗaure kifinsa da ita. Ba wadda ta motsa. Na ɗan zunguri babbar da muciya, ta ƙi ko kallona. Na sunkuya na duba bakinta: kumfa, fara sol.

Na fara haɗa zance a raina. Tsohon da kullum yake dawowa da karfasa kamar yatsa, yau ina ya samo waɗannan? Jiya ma da idona na ga ya cusa wani ƙunshi na leda a jakar fatsarsa, yana waige-waige (yanzu da na natsu, ban tabbata ya waiga ba). Ga abokansa suna masa dariya, ga shi yana son ya rufe musu baki. Kafin in miƙe tsaye na riga na gama yi wa surukina shari'a.

Maigidana ya tafi Katabu duba fili, ba wanda zan gaya wa. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da Baba, yaya zan buɗe baki in ce, Baba, guba ka zuba a kogi? In na dafa, na kashe dattawan unguwa. In na ƙi, na watsa masa ƙasa a ido.

Ina cikin haka na ji wata mai talla a lungun bayanmu tana kiran a sayi kifi. Na leƙa ta ƙofar baya. Wata mata ce da ban taɓa gani ba, da tire a ka, tarwaɗa an riga an yanyanka. Ban tambaye ta komai ba, na saya. Na ɗauko na Baba da wayarsu da komai, na jefa a kwatar bayan gida, wadda ruwan sama na daren jiya ya cika. Na wanke hannu da toka ina ji kamar na ceci rayuka.

Farfesu dai ya yi daɗi, wannan ba zan yi ƙarya ba. Bayan azahar Baba da abokansa biyu suka baje tabarma a ƙofar gida. Na kai musu ruwan wanke hannu, na maƙale a zaure ina saurare.

"Malam Iro, ci ka ji," in ji Baba. "Wannan babbar sai da ta kusa ja na cikin ruwa."

"A'a, yau kam na sallama," in ji Malam Iro, baki cike. "Amma kan fa? Ban ga manyan kawunan da kake faɗa ba."

"Amarya ta ajiye wa mijinta, ka san yaran yanzu."

Abin da ban sani ba, kwatarmu ta baya zagayowa take yi ta wuce ta gaban gida, dab da inda ake shimfiɗa tabarma. Kuma ban san tarwaɗa ba ta mutuwa da wuri ba. Sai na ji facal, facal.

"Malam," ɗaya abokin ya ce wa Baba a hankali, "wannan ba jar wayarka ba ce?"

Na leƙa. Ga su nan gaba ɗaya a zarge, suna ta birgima cikin baƙin ruwa, lafiyarsu ƙalau, sun fi ni ƙarfi. Baba ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ɗago su. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya kalli kwanon da suka kusa suɗewa.

"Amarya," ya kira, ba tare da ɗaga murya ba.

Na fito na zube a bakin zaure, na ja mayafi har ƙirji.

"Waɗannan nawa ne, na gane su. Na cikinmu fa, na wa ne?"

Da ƙyar na ce, "Na wata mai talla ne, Baba."

"Wace mai talla?"

"Ban san ta ba."

Malam Iro ya ajiye ƙayar da yake tsotsa. Ya dafa ciki.

"Na ga kumfa ne a bakinsu," na ce, hawaye na zuba. "Aka ce na guba haka suke."

Inna ta riga ta iso bayana. Ta ce, "'Yar nan, sabulun wankina ne. Shi yake sace mini yana laƙa wa ƙugiya, wai tarwaɗa na son sa. Na yi faɗa har na gaji."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da na fi jin sauƙi. Baba ya ce kawai, "Ashe kallon da ake yi mini ke nan a gidana." Ya wuce ciki da kifinsa yana ɗiga.

Wunin ranar Malam Iro ya yi shi yana shan manja da madara, matarsa na aiko tambayar ko an gano mai tallar. Ba a gano ta ba. Ba wanda ya kwanta ciwo, alhamdu lillahi, amma ni da na ɗanɗana gishirin farfesun, sai da na yi kwanaki ina sauraron cikina.

Na je na ba Baba haƙuri, ya ce ya wuce. Yana amsa gaisuwata kamar da. Sai dai buhunsa a ƙofar Inna yake tsayawa yanzu, ni kuwa a aiko mini da nawa a kwano da murfi, kamar baƙuwa.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In tsoro ya sake kama ni, zan fara tambayar Inna kafin in yanke wa kowa hukunci. Kuma duk abin da zan jefar a gidan miji, sai na bi kwatar da ƙafata na ga inda take ɓullewa.