Rasuwar Kyamarata Mai Ido Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Iya Shatu ta nan cikin garin Daura, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, 'yar ƙaramar nan mai ido ɗaya da ke zaune a goshin kwamfuta. Rai ya yi halinsa daidai lokacin da aka fi bukatarta. 'Yata Haulatu ta sauka lafiya a Damagaram, ranar Asabar suna, ciwon ƙafa ya hana ni tafiya, har yau ban ga fuskar jaririya ba. Surukarta Hajiya Hadiyya kuwa tuni ta fara shelar cewa yarinya kamannin gidansu ta ɗebo.

Marigayiya ba 'yar gidan manya ba ce. A kasuwar Kongolam aka samo ta da araha, cikin kwali ɗaya da tocila, ko suna babu a jikinta. Amma ta yi abin da ya gagari masu suna. Kafin Haulatu ta tare, ta zuba wa tsohuwar kwamfutarmu wani abu wai shi Linux, ta ce kyauta ne, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara, kamar rijiyar unguwa. To, kyamarori 'yan gayu mun kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta shigo sai ta ɗaure fuska ta ƙi gaisawa da shi, allo ya yi baƙi ƙirin. Ita kuwa baiwar Allah, ana soka ta ta buɗe ido.

Tana da rufin asiri. Duk tamojin fuskata ba ta taɓa kai shi Damagaram ba, dishi-dishi take nuna ni kamar amarya cikin lulluɓi. Ba zan manta ƙiiiii ɗin nan da take yi kafin ta isar da sallamata ba.

Ta yi jinya. Kun san mu ba ma karɓar baƙo ɗaki babu ƙamshi, balle surukai, don haka duk ranar kira sai na ajiye kaskon turaren wuta a ƙarƙashinta. Ana nan sai wata farar yana ta rufe mata ido, ciwon tsufa. An yi mata duk abin da ya kamata: na wanke idon da ruwan ɗumi da gishiri, na rambaɗa mata kwalli. Ta ƙifta sau ɗaya, ta yi tsss, shi ke nan. Kwana ya ƙare.

Ta rasu ta bar kwamfuta, da linzamin kwamfutar, da wata igiya da ba mu san aikinta ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a binne ta cikin kwanon samira a saman kabad. Masu zuwa gaisuwa kada ku wahalar da kanku da gumba ko ƙosai. Duk mai kyamara a gida, komai muninta, ya riƙo ta, za a gwada a zaure. Wadda ta buɗe ido ta zama 'yar gida, wadda ta ƙi ta bi mai ita. Ku yi wa Allah ku zo da wuri, don idan Asabar ta yi ban leƙa ba, hukuncin Hajiya Hadiyya ya zauna. Hancin nan kuwa, ko ban gani ba, namu ne.